Magazin ta Kumasi, inda ake gyara wa akori-kura tsayuwa

Duk motar da za ta bar Kumasi ta yi arewa, ko Techiman za ta, ko Tamale, ko har Paga bakin iyakar Burkina Faso, sai ta ratsa ta Suame. Da ka wuce shataletale ka ɗauki hanyar Offinso, kunnenka ne zai fara gaya maka inda kake. Guduma na dukan ƙarfe ta ko'ina, injin walda na kuka, can wani na taka totur yana gwada injin da aka sauke aka mayar. Ƙasar wurin baƙa ce ƙirin saboda baƙin man da ta sha shekara da shekaru, in kuwa damina ce, to ka bar takalminka mai kyau a masauki. Wannan ita ce Magazin, unguwar kanikawa da maƙera da masu sayar da kayan gyaran mota, wadda ta shimfiɗu daga hanyar Offinso har ta dangana da Tafo.

Sunan ya samo asali tun zamanin Turawan Ingila. Kanikawan farko sun kafa rumfunansu ne kusa da wata ma'ajiyar makaman soja, irin wadda Turawa ke kira magazin, da suka koma Suame sai suka taho da sunan. Kiyasin da aka fi ambatawa shi ne mutum wajen 200,000 ke cin abinci a nan. A farkon shekarun 1980 jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, wadda ke ɗauke da sunan Kwame Nkrumah, ta buɗe wata cibiya a cikin unguwar don koya wa masu sana'a aiki da injin sassaƙa ƙarfe da kuma zubi. Yau in wani ƙarfe ya ɓace a kasuwa, akwai wanda zai sassaƙa maka irinsa kana tsaye. A 2013 ma kanikawan wurin, tare da wasu 'yan ƙasar Holan, sun haɗa mota sukutum cikin mako 12 da kayan da ake samu a Magazin, suka sa mata suna Turtle, wato kunkuru.

Bahaushe ba baƙo ba ne a nan. Tuwi ce yaren aiki, amma daga masu sayen tsohon ƙarfe zuwa mai koko da ƙosai da mai tsire a bakin hanya, Hausa za ta kai ka inda kake so. Daga Aboabo ko Asawase ba nisa. Tun kana neman wurin ajiye mota yara za su kewaye ka: "Alhaji, me ake nema? Zo mu je wajen mastana." Ka amsa gaisuwa, amma kada ka bi na farko da ya kama hannunka. Yawancinsu 'yan kamasho ne, kuma ladan nasu a cikin kuɗinka yake. Abin da ya fi shi ne ka taho da sunan bakanike daga wajen direban da ka yarda da shi a zango. A Gana "fita" ake ce wa bakanike, mai gareji kuma "masta", haka za ka kira shi ko da ka girme shi.

Cikin dubban ayyukan da ake yi a wurin, wanda ya fi shafar ɗan kasuwa mai akori-kura shi ne aikin ƙafa: sifirin, shokazoba, bushin, da tsayin mota daga ƙasa. A 'yan shekarun nan kuwa wani sabon yayi ya shigo. Motocin Amurka irin su Tacoma da Tundra da F-150 suna sauka a tashar jiragen ruwa ta Tema, wasunsu an riga an ɗaga musu gaba tun can, sun tsaya sambal, da manyan tayoyi. Samari suka gani suka ƙyasa. Masu shaguna suka fara kawo kayan da ake yin haka da su, suna kiransu lebelin kit, wato kayan daidaita gaba da baya. Yanzu mai Hilux ko Navara da ya zo canza bushin kawai, sai a nuna masa zobba biyu masu sheƙi a kwali, a ce ai motarsa ta duƙa da goshi, a sa mata waɗannan ta miƙe.

To a nan ya kamata mutum ya tsaya ya yi tunani. Akori-kura daga kamfani take fitowa bayanta ya ɗara gabanta tsayi, yawanci da inci 2 ko kusa da haka, kuma da gangan aka yi. An ƙera ta ne don ta ɗauki kaya. Wannan tazarar ita ce za ta cinye in an yi lodi, sifirin na baya ya kwanta, motar ta dawo daidai. Ba'amurken da ya ƙirƙiro zobban nan yawanci bayan motarsa fanko yake yawo, shi kyan gani yake nema da wurin sa babbar taya. Kai kuwa da za ka loda masara a Ejura ranar Litinin, ko doya a Atebubu, in ka daidaita motarka tana fanko, me za ta zama in ta ɗauki buhu takwas? Baya zai zauna, goshi ya kalli sama.

Motar da ta ɗaga goshi da kaya a kanta ba ta tuƙuwa yadda ka saba. Fitilunta sun bar kwalta sun koma idon mai tahowa, kai ba ka ganin ramin da ke gabanka, shi kuma ka makantar da shi. Wanda ya taɓa bin hanyar Techiman zuwa Kintampo da dare, tsakanin tireloli da manyan bas, ya san abin da nake nufi. Ga shi kuma an ƙara mata tsayi, nauyi ya yi sama, a kwana sai ta riƙa kishingiɗa. Fataken da suka bi hanyar Mampong, Ejura, Atebubu, Yeji zuwa Salaga da goro ba su taɓa duban jaki tsirara su ce ya daidaita ba. Sai an ɗora mangala ake ganin ɓangaren da ya rinjaya.

Saboda haka aikin farko awo ne, kuma ba a cikin lungunan Magazin za a yi shi ba, don da wuya ka samu ƙasa shimfiɗaɗɗiya a can. Ka nemi daɓen siminti a gidan mai ko shagon alaimen. A cika iskar tayoyi daidai, a ɗauki tef a auna daga tsakiyar kowace taya zuwa bakin bodin da ke samanta, duka huɗun, a rubuta. Sannan ka yi lodin da ka saba yi, ba wanda kake gaya wa jami'an hanya ba, a sake aunawa. Lambobi takwas ɗin nan su za su gaya maka ciwon motarka. In da kaya ta tsaya daidai, ba ta bukatar komai, ka mayar da kuɗinka aljihu. In baya ya nutse har aksil na dukan robar da ke jikin shasi, matsalarka a baya take, zobba a gaba sai dai su ƙara ta. In gefe ɗaya ya fi ɗaya kwanciya, a duba, wataƙila falle ya karye ko sifirin ya gaji.

Akwai dai waɗanda ɗaga gaban zai yi wa amfani, kada a ce na kushe abin baki ɗaya. Wanda ya sa ƙaton ƙarfen kariya a gaba har goshin ya sunkuya. Wanda aikinsa shiga ƙauyukan koko da goro ne, inda ruwa ya cinye hanya, ƙasan injin na gugar tudu, kuma ba ya ɗaukar kaya mai nauyi. Irin waɗannan inci ɗaya da rabi zuwa 2 zai iya raba su da fasa kaskon mai. Su ma fa su sani cewa bayan motar, wato tulun aksil, taya ce kaɗai ke ɗaga shi daga ƙasa, zobe ba ya taɓa shi.

Kafin ka saya, ka san irin ƙafar gaban motarka, domin ba iri ɗaya ba ne. Hilux daga 2005 zuwa yau, Navara daga samfurin D40, Ranger daga 2011, duk suna da sifirin mai murɗi da shokazoba a cikinsa. Su ake sa wa zobe, ko dai a saman shokazobar gaba ɗaya, ko a cikin sifirin ɗin. Na sama ya fi sauƙin sawa, don ba sai an kwance sifirin ba. Na ciki yana matse sifirin, mota ta ƙara tauri. Abin da ke ruɗa mutane shi ne kauri. Shokazobar ba a bakin taya take zaune ba, a tsakiyar hannun ƙafa take, saboda haka zobe mai kaurin inci ɗaya yakan ɗaga mota inci ɗaya da rabi, wani lokaci har kusan 2. Ka tambayi mai shago nawa zai ɗaga, ba nawa ne kaurinsa ba. Wanda ya sayi zobe mai kaurin inci 2 yana zaton inci 2 zai samu, ya sayi wahala.

Dalilin da ya sa ake tsayawa a inci 2 kuwa shi ne kusurwa. In ka tura ƙafar ƙasa fiye da haka, boljoyin na sama yana aiki a ƙarshen juyawarsa, hannun sama na iya dukan sifirin in taya ta faɗa rami, shaf ɗin da ke juya tayoyin gaba a mota mai giyar ƙafa huɗu kuma ya karkace, robarsa ta riƙa yagewa, giris ya zube, yashi ya shiga. Boljoyin in ya tsinke, taya ce ke kwanciya a ƙarƙashin mota, kuma ba ya sallama kafin ya tafi. Wanda ya nace sai ya wuce haka, to sai ya canza hannun sama da shokazoba masu tsawo, lissafin ya tashi daga na zobba biyu ya koma na rabin jari.

Su kuwa tsofaffin, irin Nissan Hardbody da ta cika hanyoyin Gana, da wasu Hilux masu ƙafa huɗu na kafin 2005, da tsohuwar L200, sandar ƙarfe ce doguwa ke riƙe da gabansu, tana murɗewa maimakon lanƙwasa. A ƙarshenta, wajen tsakiyar mota ta ƙasa, akwai noti na saiti. Yaron gareji zai iya ɗaga maka gaba cikin rabin sa'a da sifana kawai, ba ka sayi komai ba. Arahar ce ke sa a wuce gona da iri. Kowane juyi da aka ƙara, ƙafar na matsowa kusa da robar da ke tare ta in ta sauka, har ta rasa wurin sauka. Sai mota ta riƙa tsalle a gargada kamar an ɗaure ta, kowane tudun rage gudu, ga su nan birjik a kowane gari tsakanin Offinso da Tamale, ka ji shi a haƙoranka. In za a yi, a yi kaɗan, a ƙirga juyin a kowane gefe, a sauke mota a ɗan zaga da ita, a sake aunawa.

Game da ƙarfen zoben, akwai na ƙarfe, na alminiyam, da na roba mai tauri. Na ƙarfe da na alminiyam sun fi jure zafi da nauyi. Masu sassaƙa a Magazin za su ce za su yi maka irinsa da rahusa, kuma masu hannu a cikinsu suna iyawa. Abin dubawa shi ne ƙusoshin da za a dasa a jikinsa, don su ke riƙe da kan shokazobar. A nemi masu lamba a ka, 10.9 ko aƙalla 8.8, kada a karɓi ƙusar gini da aka yanka. Zoben da aka haɗa da walda daga guntayen faranti, gefe ɗaya ya fi ɗaya kauri, ka bar musu kayansu.

Amma gaskiyar magana, cikin 'yan kasuwa goma da ke shiga Magazin don tsayin mota, mafi yawansu layin masu sifirin ya kamata su nufa. Wurin nan abin kallo ne. Fallayen ƙarfe jingine a bango kamar itacen girki, na tirela, na bas, na akori-kura, sababbi da na hannu, waɗanda a Gana ake kira hom-yus. Maƙeri zai kwance sifirin ɗinka falle-falle, ya zana lanƙwasar babban fallen da alli a ƙasa, ya ɗora kowanne a kan maƙera, mutum biyu su yi ta dukansa da guduma bi da bi har ya dawo da bakansa. Aiki ne na gwaninta, kuma yana ɗaga mota, sai dai ƙarfen da ya gaji ya gaji, bayan wasu watanni zai sake kwanciya. Abin da ba za ka yarda da shi ba ko kaɗan shi ne wuta. In ka ga an kunna gas za a gasa falle don ya yi saurin lanƙwasa, ka ce a tsaya. Wutar tana kashe taurin da aka ba ƙarfen a masana'anta, daga nan ko ya kwanta ko ya karye a daidai inda ya yi ja.

Ƙarin falle shi ya fi yawa, kuma shi ya fi dacewa da mai lodi kullum. Falle ɗaya a kowane gefe, in ya yi yawa biyu. Faɗinsa ya zama daidai da na asali, tsawonsa ya shiga tsakanin na sama da na ƙasa da shi kamar matakala, a goge bakinsa don kada ya ci ɗan'uwansa. Dole a sa sabuwar ƙusar tsakiya mai tsawo, da sababbin yubol, wato ƙarafan nan masu kama da takalmin doki da ke ɗaure sifirin da aksil. Yubol in an ɗaure shi sau ɗaya ya miƙe, na biyu ba ya riƙewa kamar na farko. Masta zai ce, "Maigida, tsofaffin nan lafiyarsu lau." Ka ce ka gode, a sa sababbi. Wasu kuma za su ba ka shawarar a cusa bulon ƙarfe tsakanin sifirin da aksil. Wannan tsayi kawai yake bayarwa, ko kilo ɗaya ba ya ƙara wa sifirin ƙarfi, kuma a wasu motocin da sifirin ke ƙarƙashin aksil, sauke ta ma zai yi.

Kada kuma zuciya ta ɗebe ka ka ce a jera huɗu ko biyar don a huta. Sifirin da ya ƙi lanƙwasa ya daina aikinsa, duk dukan da hanya ta yi sai ya wuce kai tsaye zuwa shasi. A Magazin ba ka rasa ganin akori-kura mai gida biyu da ta tsage ko ta lanƙwashe a bayan gidan, tana jiran mai walda. Irin wannan motar bodinta gajere ne, rabinsa ko fiye yana bayan aksil, in aka buɗe ƙofar baya aka jera buhuna a kanta, nauyin na danna wutsiya kamar tsinken awo. Masu nauyi a matso da su jikin gida, masu sauƙi a baya. Ga shi kuma in ta sauke kaya, bayan da ya yi tauri ba ya kama ƙasa a gargada, sai ya riƙa zillewa gefe.

Akwai wani ɗan abu da ake yawan mantawa, kuma a ganina ya fi duk sauran haɗari. Tsofaffin Hilux da ire-irensu da ba su da ABS suna da wani bawul a ƙarƙashin bodi ta baya, an haɗa shi da aksil da siririyar sanda. Aikinsa auna nauyi. In baya ya zauna, ya san an yi lodi, sai ya sakar wa birkin baya ƙarfi. In baya ya tashi, sai ya rage, don kada tayoyin baya su kulle a mota fanko. To ka ƙara falle, ka ɗaga baya, ka loda tan guda, motar ba ta zauna kamar da ba. Bawul ɗin yana zaton fanko take. Birkin gaba ne ke fama da mafi yawan nauyin. A kan shimfiɗaɗɗiyar hanya ba za ka lura ba. Inda za ka sani shi ne gangaren Mampong, in ka taso daga Ejura da masara kana sauka wajen Jamasi, kwana bayan kwana, birki ya ɗau zafi ya fara wari. Ka tambayi masta tun kafin a fara aiki ko zai sake saita sandar bawul ɗin daidai da sabon tsayi. In ya kalle ka bai gane abin da kake faɗa ba, ka nemi wani.

Wannan ya kawo mu ga maganar da ba a son ji. Falle yana hana mota durƙusawa, amma bai canza aksil ba, bai canza beyarin ba, bai canza birki ko taya ba. Hilux da takwarorinta kimanin tan ɗaya aka yi su ɗauka, kuma a cikin tan ɗin har da direba da duk wanda ke ciki. Ka duba farantin da ke jikin ƙofa ko cikin gidan injin, an rubuta iyakar nauyin. In mutum 5 ne a gida biyu, ka cire kusan kilo 350, saura buhu shida ko bakwai na masu kilo 100, kuma kowa ya san buhun kasuwa yakan wuce abin da ake kiransa. Taya ma da nata lissafi a jikinta. Lamba 106 tana nufin kilo 950, 110 kilo 1,060, 112 kuma kilo 1,120, shi ma sai da cikakkiyar iska. Da can in an yi obalodi motar da kanta take faɗa, ta zauna har kowa ya gani. Bayan ƙarin falle ta daina faɗa. Ke uwargida, ko Hajiya mai doya da ke biyan kuɗin gyaran, wannan motar ce fa za ta kwashi yara zuwa gida da salla. Kina da bakin tambaya nawa ake ɗora mata.

Ranar aiki, ka zo da sassafe ka zauna. Ba rashin yarda ba ne, haka ake yi, kuma akwai benci da mai wake da shinkafa kusa. Kafin a sa sabon abu a duba tsoho: boljoyin, tayarod, bushin, shokazobar da ke yoyon mai. Sau da yawa goshin da ya sunkuya sifirin ne ya gaji, zobe a kan gajiyayyen sifirin kuwa ado ne a kan ciwo. Shokazoba ita ba ta ɗaukar nauyi, lilo take hanawa, amma in an ɗaga baya a tabbata tsawonta ya kai, in ba haka ba ita za ta riƙa riƙe aksil har kunnenta ya cire. Ka ga an tokare motar da abu mai ƙarfi a ƙarƙashin shasi, ba jak kaɗai ba. Yaran da ke shiga ƙarƙashin nan 'ya'yan wasu ne, da yawansu daga arewa aka kawo su koyon aiki. In za a kwance sifirin mai murɗi, a yi da abin matse shi na gaskiya, kowa kuma ya kauce daga saitinsa, don in ya kuɓuce yana iya kashe mutum.

Sauran abubuwan ƙanana ne amma su ke raba aiki mai kyau da na gaggawa. A kwance maƙalin tiyon birki da wayar ABS kafin a saki ƙafar, kada su ɗauki nauyinta. A tallafi ƙafar don kada shaf ya zare daga gidansa. Notunan da ke ratsa bushin, na gaba da na kunnen sifirin, ba a ƙarasa ɗaure su sai mota ta sauka ta tsaya da nauyinta, in ba haka ba robar na murɗe tun ranar farko, wata biyu ta yage. Yubol a ɗaure su a giciye, kaɗan-kaɗan, kuma in garejin na da sifana mai awo a yi da ita. Bututun da ake zura wa sifana yaro ya hau kai ya yi tsalle, wannan ba awo ba ne.

Daga gareji sai shagon alaimen, a ranar, ba gobe ba. Duk motar da aka taɓa tsayin gabanta tayoyinta sun karkace, ko da ido bai gani ba, tafiya ɗaya zuwa Tamale, kilomita wajen 380, ta isa ta fara cinye gefen sababbin tayoyi. Da magariba kuma ka faka a gaban bango, da kaya a kai in da hali, a sauke fitilu su dawo kan hanya. Wasu motocin suna da ɗan maɓalli kusa da sitiyari na sauke fitila in an yi lodi, direbobi da yawa ba su taɓa taɓa shi ba.

Kada ka bar tsofaffin kayanka a wurin, musamman in kana ƙetare iyaka. Fallen da aka cire da ƙusar tsakiya ka jefa su bayan kujera, sun fi komai amfani in sifirin ya karye tsakanin Bolga da Wagadugu. Ka sa masta ya gaya maka fallen wace mota ya ƙara, ka rubuta tare da lambobin awon nan takwas da sababbin da aka samu bayan aiki, ko ka ɗauke su hoto a waya, don bakaniken Yamai ko na Lome ya san abin da ya tarar. Sababbin fallaye kuma sukan zauna bayan lodin farko, yubol ya saki. In ka tashi daga Kumasi da kaya, ka tsaya a Techiman, kilomita 120 ke nan, a zaga notunan da sifana. In ka sauke a Tamale a sake zagawa.